Yadda ƙungiyoyin zango a Kumasi za su sa hannu a rabon kuɗin binciken noma

Daga Aboabo zuwa Fumesua ba wata doguwar tafiya ba ce. In ka hau tro-tro mai zuwa Ejisu, ka wuce jami'ar KNUST kaɗan, ka isa. A can ne Cibiyar Binciken Amfanin Gona take, wadda ake kira CRI, ɗaya daga cikin cibiyoyin hukumar bincike ta ƙasa, CSIR. Daga nan aka fitar da masarar Obatanpa a 1992, daga nan kuma shinkafar AGRA ta fito a 2013. A Kwadaso akwai Cibiyar Binciken Ƙasar Noma. Duk a bakin ƙofarmu suke. Amma ka zaga Sawaba da Asawase da Sabon Zango ka tambayi masu dafa waakye (shinkafa da wake), da masu dama koko, da dillalan albasa, da mahauta, ko an taɓa zama da su kafin a yanke abin da za a bincika. Da wuya ka sami wanda zai ce maka e.

Wannan ya dame ni, domin kuɗin binciken ba na masu bincike ba ne. Wani daga harajinmu yake fitowa, wani rance ne da ƙasa za ta biya, wani kuma tallafi ne da aka karɓo da sunan talaka. Sannan duk irin da aka fitar, a hannun mutanenmu yake ƙarewa. Manomin Ejura ya shuka wake, amma Hajiyar da ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora tukunya ita ce za ta ce waken nan ya yi ko bai yi ba. In ta ƙi shi, dillali ya ƙi shi, baɗi manomi ba zai sake shuka shi ba.

Abu ɗaya nake so shugabannin ƙungiyoyinmu su riƙe: a gayyace ku taro, a ba ku shinkafa da lemo, ku sa hannu a takardar halarta, wannan ba shi ne sa baki ba. Wurare uku ne ake juya akalar kuɗin bincike. Lokacin da ake zaɓen matsalar da za a bincika, lokacin da ake zaɓen wanda za a ba kuɗin, da lokacin da ake sakin kason ƙarshe. Duk matakan da ke ƙasa hanyar isa wuraren nan uku ce.

Ku fara sanin ta inda kuɗin yake bi

Kasafin gwamnati ga cibiyoyin bincike galibinsa a albashi yake tafiya. Kuɗin yin aikin kansa, wato man mota, da kayan gwaji, da leburorin gona, yawanci daga shirye-shiryen masu ba da tallafi yake zuwa. Misali shi ne shirin WAAPP na Bankin Duniya, wanda Ghana ta shiga tun rukunin farko tare da Mali da Senegal, aka ba Ghana jagorancin binciken rogo da doya da dankali, cibiyar kuma tana Fumesua. A ƙarƙashinsa an yi tsarin gasa mai suna CARGS, inda masu bincike ke rubuto buƙatar kuɗi a kan matsalolin da aka tattaro daga manoma. Daga 2017 kuma Kanada ta tallafa wa aikin malaman gona ta shirin MAG. A 2020 majalisar dokoki ta zartar da dokar Asusun Bincike na Ƙasa, doka mai lamba 1056.

Amfanin sanin wannan shi ne ku daina kai kuka inda ba a rabon komai. Mai bincike ɗaya da kuka sani ba shi da ikon sauya abin da aka ba shi kuɗi ya yi. In takardar shirin ta ce rogo, to rogo zai yi ko da albasarku na ruɓewa a gabansa. Ku sa sakatarenku ya je sashen noma na ƙaramar hukumarku, mu na Aboabo da Sawaba namu yana ƙarƙashin Asokore Mampong, ya yi tambaya uku: waɗanne shirye-shirye ne ke gudana bana, wanne ne zai buɗe ƙofar neman kuɗi nan gaba, kuma yaushe ne zaman kwamitin RELC na gaba.

RELC kwamiti ne da ke haɗa masu bincike da malaman gona da manoma. An kafa shi a 1994, CSIR da Ma'aikatar Abinci da Noma ne ke tafiyar da shi tare. Ana fara zama a matakin ƙaramar hukuma a jera matsaloli, sannan a kai su matakin jiha a tace. Ba manoma kaɗai ke da hurumin zama ba, har da masu sarrafawa da 'yan kasuwa. Ƙofa ce da ta daɗe a buɗe, mu ne ba mu cika shiga ba.

Ku je da sunan ƙungiya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ku yi rajista a Sashen Ƙungiyoyin Gama Kai ko a ofishin rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, ku ajiye littafin sunayen mambobi. Ku kuma shigar da sunanku a jerin ƙungiyoyin da sashen noma ke riƙewa, domin daga jerin nan ake rubuta takardun gayyata. In ƙungiyarku ƙarama ce, ku jingina da babba irin PFAG ta ƙananan manoma, amma kada ku bar mata bakinku gaba ɗaya. Damuwar mai kasuwa da ta manomi sukan sha bamban.

Tattara matsaloli, da yadda za a zaɓi uku

Nan ne aka fi yin kuskure, saboda haka zan ɗan daɗe. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a ƙungiya ba kowa ake bari ya nuna wurin ba. In aka tara kowa a zaure ɗaya, Alhaji mai tirela biyu ne zai yi magana, sauran su gyaɗa kai. Matsalarsa kuwa ta kan iyaka ce da shingayen hanya, ba ta yarinyar da ke zaune tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga buhu ba.

Ku raba zaman. Mata su zauna da magajiyarsu, matasa masu dako da tsinta su zauna daban, iyayen gida daban. A sa lokacin da ya dace da sana'ar: mai koko ba ta da sukuni da safe, mai waakye sai bayan azahar, mahauci kuma kada a kira shi ana gab da babbar salla. Kowane rukuni ya faɗi abin da ke cinye masa riba, mai rubutu ya rubuta da kalmomin mai maganar, kada ya gyara.

Daga nan sai zaɓe. A jera ƙore ko kwano, kowace matsala da nata, a ɗora mata alamar da wanda bai yi boko ba zai gane: ruɓaɓɓiyar albasa a gaban wannan, gawayi a gaban wancan, wake mai huji a gaban na uku. A ba kowa ƙwayar masara goma ya raba yadda ya ga dama, a bayan labule, shi kaɗai. Labulen nan yana da muhimmanci, domin mace ba za ta zuba ƙwayarta a inda ya saɓa wa na magajiya ba in ana kallonta. A ƙirga a gaban kowa, a rubuta sakamakon kowane rukuni daban kafin a haɗa. In abin da mata suka sa a gaba ya ɓace bayan an haɗa, a mayar da shi cikin ukun da za a tafi da su. Uku sun isa. Takarda mai matsala ashirin tana ba jami'i damar ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi.

Sai ku ba kowace matsala hujja. Na wata ɗaya ko biyu, mutum biyar zuwa goma su riƙa rubuta abu mai sauƙi a littafi: buhu nawa aka sauke, olonka (gwangwanin awo) nawa aka zubar, gawayin sidi nawa aka ƙona a tukunya ɗaya. A ɗauki hoto da waya. Lissafin da kuka yi da hannunku ya fi dogon jawabi nauyi a gaban kwamiti.

Mayar da kuka ya zama tambaya

"Muna asara" ba abin da za a bincika ba ne. Dole a tace, kuma a nan ne kuke buƙatar malamin gona ko wani ɗanku da ya yi karatun noma a Kwadaso ko KNUST ya zauna da ku. Tacewar tana raba matsaloli gida uku.

Akwai wadda an riga an san maganinta, labari ne bai iso ba. Ƙwarin da ke huda wake a ajiya yana cikin wannan: buhun PICS mai ruɓi uku yana toshe iska, ƙwarin ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Haka gubar aflatoksin da ke fitowa daga funfunar masara da gyaɗa, wadda ke lalata hanta. An san cewa busar da masara sosai kafin ajiya yana rage ta, kuma tun 2018 aka ƙaddamar da Aflasafe a Ghana, wani magani mai rage gubar da ake watsawa a gona. Waɗannan aikin malaman gona ne, ku nemi horo, kada ku nemi bincike.

Akwai wadda ba ta bincike ba ce sam, kamar kuɗin rumfa ko lalacewar hanya. Wannan a kai wa ɗan majalisar unguwa.

Ta uku ita ce wadda ba wanda ya san amsarta a yanayinmu. Ita ce ta cancanci kuɗin bincike. Ɗauki albasa. Mafi yawan wadda ke shigowa Kumasi daga Nijar take, irin Galmi, wasu kuma daga Bawku. An noma ta a busasshiyar ƙasa, aka kawo ta gari mai laima da damina biyu. Tambayar da za a rubuta ita ce: wace irin rumfa, da katako da kwanon da ake samu a nan, za ta fi rage ruɓewa daga Mayu zuwa Yuli, kuma nawa za ta ci a kan kowane buhu? Ko ta masu waakye: a cikin ire-iren waken da cibiyoyinmu suka fitar, wanne ya fi saurin nuna bayan ya yi wata shida a ajiya, bai fashe ya dame da shinkafa ba, kuma ya karɓi launin karan dafi? Mai ƙirƙiro sabon iri yakan auna yawan buhu a eka da jure cuta. Lokacin dahuwa da kuɗin gawayi ba lallai su shiga awonsa ba sai an ce masa su shiga.

Ku kuma bambanta gajeren aiki da dogo. Gwajin rumfa ko kwatanta ire-iren da ake da su zai iya ƙarewa a shekara ɗaya ko biyu. Ƙirƙiro sabon iri kuwa yana cin shekaru da yawa kafin kwamitin ƙasa ya amince a sake shi. Ku haɗa da aƙalla gajere ɗaya, don mambobi su ga wani abu da idonsu kafin su gaji.

Kai takardar, da lokacin kai ta

Shafi ɗaya ga kowace tambaya, da Turanci don jami'ai, da Hausa don mambobi. A kai wa daraktan noma na ƙaramar hukuma, a karɓi hatimi a kwafinku. Shekarar kuɗi ta Ghana daga Janairu take zuwa Disamba, kasafin ƙasa kuma a Nuwamba aka saba gabatar da shi, ƙananan hukumomi suna haɗa nasu kafin nan. Wanda ya kai buƙata a Disamba ya makara da shekara guda. Ku gama zaɓenku a watannin farko na shekara, takarda ta isa kafin tsakiyarta.

A zaman RELC ku tura mutum biyu, mace da namiji, ɗaya mai jin Turanci ko Twi sosai. Kafin a tashi su nemi a karanta jerin da aka amince da shi, su tabbatar tambayarku tana ciki yadda kuka rubuta ta. Na sha ganin "ruɓewar albasa a rumfar kasuwa" ta koma "asarar bayan girbi" a rahoto, daga nan kuma kuɗin ya tafi wani amfanin gona daban.

Kujera a inda ake ba da maki

Wannan shi ne mataki mafi wuya, shi ne kuma mafi amfani. Duk shirin da zai raba kuɗi ta hanyar gasa yana da kwamitin da ke duba takardun masu nema. Ku rubuta wa shugaban shirin tun kafin a fitar da sanarwa, ku nemi abubuwa a fili: kujeru ga masu amfani da sakamakon, da ƙuri'a cikakkiya, ba zaman kallo ba. A ganina kada su gaza kashi ɗaya cikin uku, domin mutum ɗaya a tsakiyar farfesoshi takwas shiru zai yi. Ba sabon abu kuke nema ba. Ƙungiyar binciken noma ta Afirka, FARA, mai hedikwata a Accra, ta jagoranci shirin PAEPARD, wanda a cikinsa aka gwada tsarin da ƙungiyoyin manoma ne ke fara zaɓen batu, sannan a nemo masu binciken da za su yi aiki a kai. Ku ambaci wannan a wasiƙarku.

Za a ce muku ba ku san kimiyya ba. Gaskiya ne, kuma ba ita kuka zo aunawa ba. Ku ba da shawarar a raba makin gida biyu. Masana su duba ko tsarin gwajin ya inganta, duk takardar da ta faɗi a nan ta fita. Waɗanda suka tsallake sai wakilanku su auna su da tambayoyinku: shin wannan ce matsalar da muka kawo? In an dace, mai ƙaramin jari zai iya saye? Kayan aikin ana samunsu a Kumasi, ko maƙeran Suame za su iya ƙerawa? Mai neman ya zo ya zauna da mu kafin ya rubuta, ko sunanmu kawai ya sa? Ku nemi kowane mai nema ya yi bayanin minti goma da baki, a harshen da wakilanku ke ji. Wanda ya fahimci aikinsa zai iya.

Wakilan su ma a ɗaure su da ƙa'ida. A zaɓe su, kada shugaba ya naɗa ɗan'uwansa. Wa'adi shekara biyu. Duk wanda ke da alaƙa da mai nema ya fita daga ɗakin lokacin da ake duba takardarsa. Kuɗin zama da aka ba su a faɗe shi a taron ƙungiya. A biya su ladan yinin da suka rasa a kasuwa, wannan haƙƙi ne, amma in kujerar ta zama hanyar cin abinci, wakili zai fara kare kujerar ya bar ku.

Abin da za a rubuta a yarjejeniya

In an zaɓi aikin, kada a fara sai an sa hannu a takarda tsakanin ƙungiya da masu bincike. Ta faɗi jimillar kuɗin da yadda aka kasa shi. Ta ware kason da zai shiga asusun ƙungiya kai tsaye don sufuri, da kayan da za a lalata wajen gwaji, da ladan masu rubuta lissafi. Ta faɗi wanda zai ɗauki asara in gwaji ya ɓata kayan wani, domin buhun albasa ashirin da aka sa a sabuwar rumfa jarin mutum ne. In dabarar ta samo asali daga wani mamba, a rubuta sunansa. Sai babban sharaɗi: kason ƙarshe, ko da kashi 15 ko 20 cikin ɗari ne, ba za a sake shi ba sai an dawo an yi wa mambobi bayanin sakamako, ƙungiya ta sa hannu cewa an yi. Ba ana nufin sai sakamako ya yi daɗi ba. Bincike yana iya nuna cewa dabara ba ta aiki, wannan ma ilimi ne da zai hana wani zuba kuɗinsa. Abin da ake hanawa shi ne a kwashi bayanai a tafi ba a waiwayo ba.

Gwaji a hannunku

A yi gwajin a inda ake sana'ar. In wake ne, a kawo ire-iren a leda mai lamba, ba suna, har da wanda aka saba saye a kasuwa. Mata uku ko huɗu su dafa a murhunsu, da ruwa ɗaya, da kanwa daidai, a auna gawayi kafin da bayan dahuwa, a duba agogo. Hajiya za ta ɗebo ƙwaya ta murza tsakanin yatsu biyu, ta duba ko ɓawon ya saɓule, ta bar shi ya huce ta ga ko zai yi tauri kafin azahar, tunda ba a tashi ɗaya ake sayar da waakye ba. A bar masu saye na kullum su ɗanɗana su zaɓa. Sai an gama ƙirga sannan a buɗe sunayen. A maimaita a wata unguwa, domin gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci.

Ƙaramin asusu na kanku

Kada ku jira sai babban shiri ya zo. Haɗakar ƙungiyoyi ta Prolinnova ta gwada ƙananan asusu a ƙasashe takwas, har da arewacin Ghana, inda kwamitin manoma ne da kansa ke karɓar buƙatu ya ba 'yan'uwansa kuɗin gwada dabarunsu. Mu da muka saba da adashi wannan ba zai ba mu wuya ba. A ware wani abu kaɗan daga kuɗin wata-wata, a kafa kwamitin mutum biyar, duk mai dabara ya zo ya faɗa da baki: me zai gwada, da me zai kwatanta, yaushe zai kawo sakamako. Da kuɗin nan za ku iya ɗaukar nauyin sufurin ɗalibin jami'a da ke neman batun kammala karatu, da sharaɗin ya yi aiki a kan tambayarku. Ranar da kuka je neman kujera a babban kwamiti, littafin asusun nan ne shaidarku cewa kun taɓa raba kuɗin bincike kun kuma bi sawunsa.

In an yi shiru

Zai faru. A zaman RELC na shekara mai zuwa, kafin a buɗe sabon jeri, wakilinku ya ɗaga hannu ya nemi a karanta na bara: wacce aka ba kuɗi, wacce aka bari, da dalili. In ba a amsa ba, dokar 'yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa jami'in bayani na ma'aikata ko cibiya, kuma an ba jami'in kwana 14 ya yanke shawara a kan buƙatar. Ku rubuta cikin ladabi, ku faɗi sunan shirin da shekarar, ku nemi jerin ayyukan da aka ba kuɗi da adadin kowanne. Ku ajiye kwafi mai hatimi, ku karanta amsar a taron ƙungiya da Hausa. In kwanakin sun wuce ba amsa, a rubuta wa shugaban ma'aikatar a nemi ya sake dubawa, daga nan kuma sai hukumar da dokar ta kafa don sauraron irin wannan ƙorafi.